Amsar da Malam Ladan Bai Ji Ba

Akwai wata baiwar Allah a Aliero, garin noman albasa, mai suna Mufida, wadda ta fara ganin mijinta a kasuwar Jega, shekarar da aka ba Kebbi jiha. Ta raka innarta sayen atamfa, aka naɗe musu a tsohuwar jaridar Turanci. Tana gefe tana bin rubutun da yatsa, sai wani saurayi mai keke ya tsaya ya tambaye ta ajinta nawa. Ta ce a aji uku ta tsaya, sauran da littattafan yayyenta ta koya wa kanta. Ya daɗe yana kallonta, har ta ji kunya ta ninke jaridar.

Shi ne Malam Ladan, ɗan Maiyama, malamin firamare da aka turo Aliero. Bayan damina biyu aka ɗaura musu aure.

Kullum bayan la'asar sai ya ba ta kalmomin Turanci guda biyu masu rikita Bahaushe. Yakan ce mu aro ɗaya muka sani, Turawa kuwa sun raba shi biyu.

"In maƙwabciyarki ta ɗauki turminki, ke kin yi lend, ita ta yi borrow. In ba ta maido ba, wanga wata kalma ce daban, sai gobe."

Haka ya raba mata teach da learn, da say da tell. Kafin shekara uku ta fara kama shi da kuskure, shi kuma yana murna yana kiranta Malama.

Amma a waje ba ta taɓa buɗe baki da Turanci ba. Ta taɓa karanta takardar magani a gidan suna, matar wani ma'aikaci ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce wannan Turancin 'yan albasa ne. Tun ranar ta kulle bakinta.

Shekarar da Malam Ladan yake riƙe da aji shida, yana da 'yan mata bakwai da za su rubuta jarrabawar shiga sakandare. Sai ciran albasa ya kama. A irin wannan lokacin 'yan mata ba sa zuwa makaranta, suna cikin gida tare da iyayensu mata, ana yanke ganye ana tsince ruɓaɓɓu. Kuma a wajen zaɓar kalma ɗaya cikin biyu ne yaran garin suka fi faɗuwa a jarrabawar Turanci.

Ya ce mata, "Malama, ni ba ni iya shiga gidan mutane. Ke kina iyawa. Ki zauna cikinsu, hannu na aiki kina koya musu. Sati shida ne kawai."

Ta sunkuyar da kai, ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta hango matan gidan suna taɓa juna suna dariya.

Ya sake roƙonta sau biyu. Bai taɓa ɗaga murya ba. Karo na ƙarshe murmushi ya yi, ya ce zai jira, duk ranar da ta shirya ta gaya masa. A ranta ta riga ta amince, tana dai jiran a wuce Juma'a ta faɗa.

Shekarar ce sanƙarau ya shiga garuruwa. Ranar Laraba Malam Ladan ya dawo daga makaranta yana riƙe da wuyansa. Alhamis aka kai shi asibiti a Jega, bai ƙara gane kowa ba. Asabar da hantsi ya cika.

Mufida ta yi takaba a Maiyama, a ɗakin mahaifiyarsa, Inna Mairama. Tana can aka yi jarrabawar, tana can sakamako ya fito. Cikin 'yan mata bakwai, ɗaya ce ta samu shiga.

Saura kwana tara ta fita takaba, wata yarinya mai suna Amira ta zo tare da mahaifiyarta yi mata gaisuwa. Amira ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin Malam Ladan, kuma tana cikin waɗanda suka faɗi. Ba ta zo da ƙorafi ba. Ta dai ce sun yi ta duba ƙofa lokacin albasa, domin Malam ya gaya musu matarsa ta fi shi iya koyarwa, kuma tana nan tafe.

Mufida ta fashe da kuka. Uwar yarinyar ta ce baban Amira ya yarda ta maimaita jarrabawar sau ɗaya, in ba a dace ba shi ke nan.

Inna Mairama ta dubi surukarta, ta ce, "Ɗiyata, kuka ba ya koya wa kowa karatu. Mi za ki ce musu?"

Mufida ta share fuskarta da bakin mayafi. Ta ɗaga murya yadda duk wanda ke ɗakin ya ji ta.

"Inna, ki zama shaida. In Allah ya kai mu albasa mai zuwa, gida-gida zan bi. Amira, ki gaya wa sauran biyar ɗin. Duk mai son dariya ta yi, ba ni fasawa."

Darasi: Idan wanda ke ƙaunarka ya roƙe ka wani alheri, ka ba shi amsa tun yana iya ji. Ilimin da kunya ta hana shi fita, wasu ne suke shan wahalar rashinsa. Ku tura wa wanda kuka san yana riƙe da wata amsa bai faɗa ba tukuna.