Malamin da ya mayar da tuwo

Akwai wani saurayi a Mubi mai suna Wisdom. Ya gama jami'a da sakamako mai kyau, kuma tun daga ranar, in ya shiga keke napep sai ya takure a gefe don kada rigar wani ta taɓa tasa.

Wata damina, shekara uku ke nan ko huɗu, lissafin ya fara kuɓuce mini, majami'arsu ta shirya aikin bishara na mako uku a wani ƙauye cikin Kamaru, can bayan Sahuda. Za a koya wa ɗaliban da ke hutu Turanci da Littafi Mai Tsarki. Sunan ƙauyen yana bakina ɗazun nan. A bar shi. Akwai dai dutse a bayansa, da mayo, wato rafi, a gabansa.

Mutum biyu aka tura, Wisdom da wata malamar firamare, Beauty. Kafin su tashi, dattijon ikilisiya Baba Vandi ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: majami'a za ta buɗe sabuwar makaranta a Mubi, kuma wanda ya fi riƙe ɗalibansa a wannan tafiya shi za a ba shugabancinta.

Wisdom ya yi dariya. "Baba, ni da mai koya wa yara a, ba, ca? Ai kawai ka ba ni makullin ofis."

Baba Vandi ya ce, "Ka je ka dawo tukuna."

Ya sayi kwalin taliyar leda, da kifin gwangwani, da ruwan roba, aka ɗaure masa a mashin biyu. Kai ka ce duniyar wata za shi, alhali tafiyar ba ta kai wuni ba.

To, ƙauyen suna da al'ada. Baƙon da ya zo koyarwa, gidajen ɗalibansa ne ke ciyar da shi bi da bi, yau wannan gida, gobe wancan. Matar gidan za ta niƙa jar dawarta mai kyau, ta yi miyar yakuwa da gyaɗa, wani gidan har zakara ake yankawa. In kwano ya dawo, a gaban mutan gida ake buɗe shi. In ya dawo wayam, an karɓe su. In ya dawo cike, baƙo ya ce ba shi da hulɗa da gidan ke nan.

Mai tsara layin ita ce Mama Salome, shugabar zumuntar mata. Ta daɗe tana kai gyaɗa kasuwar Mubi, don haka tana jin Hausa daidai gwargwado.

Aka ba Wisdom manyan ɗalibai ashirin a cikin majami'a, aka ba Beauty ƙanana a gindin mangwaro.

Ranar farko aka kawo masa abinci. Ya ɗaga murfin da yatsa biyu, ya leƙa, ya yamutsa fuska.

"Wannan jan abin fa? Tuwo ne ko tubali? A mayar, na gode."

Ya kunna risho ya dafa taliyarsa.

Washegari ɗalibi ɗaya bai zo ba. Da rana aka kawo kwano na biyu, ya mayar. Na uku ma haka. Kullum benci na ƙara faɗi.

Rana ta biyar Mama Salome ta zo da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ɗana, ko loma ɗaya ka ci. Matar nan tun asuba ya tashi, kaza ɗaya ne da shi, ya yanka maka."

"Mama, ni koyarwa ta kawo ni, ba ciwon ciki ba. Kin san irin ruwan da suke girki da shi?"

"Shi muka sha muka tsufa."

"Ai ga shi nan ina gani," in ji shi, yana kallonta daga ɗankwali har silifa.

Ta ɗauki kwanon ta tafi.

Beauty ma ta yi masa magana. Ita kam tana cin nata har ta suɗe hannu, ranar da cikinta ya murɗa ma sai ta ci kaɗan ta kira 'yan ajinta suka cinye sauran tare.

"Ɗan'uwa Wisdom, in ba za ka iya ba, ka taɓa kaɗan ka turo mini. Kada dai ya koma haka."

"Sista, ke kin saba. Ni ba zan fara koyon zaman ƙauye yanzu ba."

A littafinsa na rahoto kuwa, kullum rubutu yake: mutanen nan ba sa son ilimi, iyayen jahilai ne, yaran malalata. Bai taɓa tambayar kansa ba me ya sa ɗalibin da ke ɓacewa kullum ɗan gidan da aka mayar wa kwano jiya ne. Mai digiri ke nan. Kuma yana ji daga taga, manyan samarin da suka bar ajinsa suna zaune a ƙasa cikin ƙanana a gindin mangwaro, suna maimaita karatu da ƙarfi.

Na ce ɗalibai ashirin ne, ko? Haka ne. Kwana ashirin.

Rana ta ashirin da ɗaya Baba Vandi ya iso a bayan mashin, wandonsa duk taɓo. Ya shiga majami'a, ya tarar da Wisdom tsaye gaban allo cikin kwat, ga bencina a jere, ba kowa sai akuya tana tuƙa a ƙarƙashin ɗaya.

"Ina ɗaliban?"

Wisdom ya miƙa littafin rahoto. "Baba, duk na rubuta. Mutanen nan ba su shirya wa ilimi ba."

Baba Vandi bai buɗe ba. Ya sa aka kira Mama Salome, ya gaishe ta da Fillanci, sannan ya tambaye ta.

Ta ce, "Baba, gida ashirin ya dafa masa. Gida ashirin ya mayar. Wa zai tura yaronsa wurin mai ƙyamar hannun uwarsa?"

Dattijon ya juya. "Wisdom, yaran da za su cika makarantarmu a Mubi, me kake zato uwayensu ke tuƙawa?"

Sai a lokacin gumi ya karyo masa. Ya ga makullin ofis yana tafiya gindin mangwaro. Ya yi sauri ya durƙusa gaban Mama Salome, abin da bai taɓa yi ba tun zuwansa.

"Mama, a kawo na yau. Zan ci. Zan cinye duka a gaban kowa."

Ta dube shi, ba fushi, ba murmushi.

"Ayya, Malam. Layi ya ƙare jiya. Yau ba gidan kowa."

Beauty ce ke shugabantar makarantar har yanzu.

Darasi: Ba za ka koyar da mutanen da kake ƙyama ba, ko da kai ka fi kowa karatu. In an aike ka hidima, ka fara karɓar abin da ke hannun mutane kafin ka miƙa musu naka. Ku tura wa duk wanda ke shirin tafiya aikin Ubangiji, ya karanta kafin ya ɗaure kaya.