Barmo Mai Gidan Haya da Bashin Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ko da za ta tayar mana da tsigar jiki.

A wani gari an yi wani mai gidan haya, sunansa Barmo. Mutum ne mai hannu a dunƙule, ko ruwan randarsa sai ya leƙa ya ga wa ya rage shi. Wata shekara kasuwa ta mutu, 'yan hayarsa uku suka kasa biya. Sai ya fitar musu da kaya waje, ya kai su gaban alƙali. Alƙali ya ce gaskiyar Barmo ce, su biya shi. Suka watse cikin gari, kowa ya nemi inda zai raɓe, ba wanda ya kawo ko anini.

Sai Barmo ya ɗaure wa jakinsa mangala, ya fita karɓa da kansa. Ya tarar da Sallau tela a bakin kasuwa, ya ɗauke keken ɗinkinsa da rigar mutane a jiki. Ya tarar da Ladingo mai ƙosai, ya sa ta juye mai, ya tafi da kaskon tun bai huce ba. Saura Nomau majemi.

Da ya isa unguwar majema, sai ya ga mutane sun yi sahu, ga makara a gaba. Ashe Nomau ne Allah ya yi wa rasuwa. Liman ya juyo, ya yi tambayar da aka saba yi kafin a sallaci gawa: "Jama'a, akwai mai bin marigayi bashi?"

Nan da can aka ce, "Mun yafe, Allah ya jiƙansa."

Sai Barmo ya ɗaga murya daga kan jaki: "Ni ina bi, kuma ban yafe ba. Alƙali ne ya yanke."

Ƙanen mamacin ya fito yana share hawaye, ya ce, "Alhaji, ni na ɗauka. Ka bar yayana ya kwanta lafiya."

Barmo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kai da ko akuya ba ka da ita? Sunan Nomau alƙali ya kira, ba naka ba. Daga hannunsa zan karɓa."

Liman ya girgiza kai, aka yi salla, aka kai Nomau makwancinsa. Ni kam ban taɓa jin rashin kunya irin wannan ba.

Washegari da rana tsaka, lokacin da ko kaji sun nemi inuwa, Barmo na kishingiɗe a zaure, sai ya ji sallama. Ya ɗaga kai, sai ga Nomau tsaye cikin likkafani, jar ƙasa har gwiwa, kuma ba shi da inuwa.

Ya ce, "Maigida, an hana ni kwanciya. Na kawo abin da ya samu."

Ya miƙo kuɗi, da danshin ƙasa a jikinsu. Da wani ne, da tuni ya fita ta katanga. Barmo kuwa idonsa na kan kuɗi. Sai ya karɓa, ya ƙirga, ya ce, "Bai cika ba." Tun daga nan yatsunsa suka yi sanyi ƙalau, ya kanga su a wuta, ko gezau.

Kashegari Nomau ya sake sallama. Barmo ya karɓa, ya ƙirga, ya ce, "Da saura." Sanyi ya hau har kafaɗa. Sauran 'yan hayan da ke gidan suka ga baƙon da ke zuwa, kafin la'asar kowa ya kwashe tabarmarsa ya gudu. Matarsa ta durƙusa ta ce, "Malam, don girman Allah ka ce ka yafe. Dubi hannunka." Ya ce ta tashi ta ba shi wuri.

A rana ta uku Nomau ya zo hannu wofi. Ya ce, "Cikon ya yi mini nauyi. Taho ɗakina ka karɓa."

Sai Barmo ya hau jaki ya bi shi. Nomau na gaba, ƙafarsa ba ta barin sawu. Da suka wuce marina, sai jaki ya buɗe baki ya ce, "Maigida, mu koma."

Barmo ya zabga masa sanda.

Da suka fita ƙofar gari, jaki ya ce, "Maigida, kalma ɗaya ce fa. Faɗe ta mu koma."

Barmo ya ce, "Saura kaɗan kuɗina su cika."

Da suka iso bakin maƙabarta, jaki ya turje. Ya ce, "Na ɗauki keke, na ɗauki kasko. Abin da ke cikin nan ba zan ɗauka ba. Sauka."

Barmo ya sauka, ya shiga da ƙafa. Kabarin na nan a buɗe, Nomau ya kwanta a ciki, ya ɗago tafin hannu cike da kuɗi. Barmo ya durƙusa ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya kwanta rub da ciki ya ƙara miƙawa. Yatsunsa na taɓa kuɗin, sai hannun Nomau ya damƙe wuyan hannunsa.

Nan fa tsoro ya kama shi na gaske. Ya kurma ihu, "Na yafe! Nomau, wallahi na yafe!"

Nomau ya ce a hankali, "Ai an tambaya, maigida. An wuce wurin."

Sai ƙasa ta rufe.

Jaki ya koma gida shi kaɗai. Gidan hayar kuwa ba wanda ya ƙara kwana a ciki, har damina ta rushe shi. Masu wucewa ta bayan maƙabarta da rana tsaka sun ce sukan ji ƙarar kuɗi a ƙarƙashin ƙasa, wani na ƙirgawa. In ya kai ƙarshe sai ya yi kuka, ya sake farawa.

To, kun ji. Haƙƙinka haƙƙinka ne, ba wanda ya hana ka nema. Amma in ka bi shi har bakin kabari, ka tsaya nan ka yafe tun ana tambayarka.

Ƙurunƙus, ta ƙare. Ku tashi, kuma kar in ji wani ya bi ta hanyar maƙabarta.