Matar da Ba Wanda Ya Zana

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa, wanda Allah ya jarrabe shi da son koyon sana'a. Ya taɓa ƙira, ya taɓa saƙa, har dukanci ya taɓa, basilla ta huda masa yatsa. Abin da bai taɓa zama ya koya ba shi ne sauraron talakawansa na nesa, don a ganinsa wannan ba ya buƙatar malami.

Wata shekara ya sa aka datse kogin da ke bayan birni don ruwa ya kwanta a lambunsa. Suna bisa soro waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ga Tungar Maje can inda ido ke ƙarewa. Da kogin nan suke sha."

Sarki ya rufe ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa, ya ce, "Garin da yatsana ya rufe shi ɗungurungum, ruwa nawa zai sha?" Fadawa suka bushe da dariya, waziri ya haɗiye sauran maganarsa.

Ana nan sai wani dattijo matafiyi, Malam Barmo, ya sauka a birnin. Aka ce yana zana hanya a jikin bango har mutum ya ji kamar ya sa ƙafa ya shige. Abin nema ya samu. Sarki ya sa aka shafe bangon zaure da farar ƙasa, aka kirawo dattijon, ya ce a koya masa.

Malam Barmo ya miƙa masa gawayi, ya ce, "Ya sarki, tashi tsaye, wannan ilmi ba ya zuwa wa na kishingiɗe. Ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, daidai tsayin idonka. Nan ne sama ke haɗuwa da ƙasa." Sa'an nan ya kafa ƙusa a tsakiyar layin, ya ɗaura mata zare, ya nuna masa yadda gefen hanya biyu ke tsukewa har su haɗu a gindinta. Sarki ya zana hanyar da ta fita ƙofar birni, da giginyun da ke bakinta: ta kusa doguwa, ta bayanta ba ta kai ta ba, ta can ƙurya kamar tsinke.

Sarki ya ce, "Ashe ta can ƙarama ce?"

Malam ya ce, "Wanda ya hau ta ya faɗo, shi zai ba ka amsa."

"Hanyar fa, a nan ta ƙare?"

"Idonka ne ya ƙare a nan, ya sarki."

Sarki ya ji daɗin aikinsa ƙwarai. Hanya ce da itatuwa kawai, ba a zana mai rai ko ɗaya ba.

Ran nan da rana tsaka, zaure tsit, sarki ya shigo duba zanensa, sai ya ga wani ɗigo kamar ƙwayar riɗi a jikin ƙusa. Ya kaɗa hannu, ba ƙuda ba ne. Ya goga da hannun riga, bai gogu ba. Kashegari ya kai ƙwayar wake, kuma ya yi ƙafafu. Sarki ya sa aka shafe wurin da farar ƙasa, amma tana bushewa abin ya sake fitowa, ya ƙara matsowa. Mace ce, rungume da tulu a kife. Kowace giginya da inuwarta, ita kuwa babu. Zauren ya riƙa warin busasshen laka, fadawa masu dariya suka koma zama a waje, wai zafi ya yi yawa a ciki.

Tsoro ya kama sarki, irin wanda bai taɓa ji ba ko a fagen fama. Ya aika aka zo da Malam Barmo, ya ce, "Kai ka zana ta?"

Malam ya ce, "Ban da ƙusa, hannuna bai taɓa bangon nan ba."

"To me take nema?"

"Zane na sani, gaibu sai Allah. Amma darasi guda ya rage maka. Tun tana ƙwayar riɗi, ina idonta yake?"

Sarki ya duba. Idonta a kan layin yake.

Malam ya ce, "Ƙafafunta ne ke saukowa, idonta bai taɓa barin wurin ba. Haka ƙa'idar take. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, duk wanda tsayinku ɗaya, yana kusa ko yana nesa, idonsa a kan layin idonka yake faɗawa. Ya sarki, tun ranar farko ido da ido take kallonka."

Sarki ya matsa kusa da bangon. Ya bi layin da kallo, sai ga wasu ɗigo-ɗigo sun jeru a bayanta, suna ta ɓullowa daga gindin ƙusa. Ya ɗaga yatsa zai rufe su, sai ya fasa, ya sauke shi. Waziri ya matso ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, tsagar fuskarta ta mutanen Tungar Maje ce."

Sarki bai zauna ba sai da aka fasa datsiyar, ya umarci waziri ya bi ruwan har inda ya tsaya. Daga nan mutanen bango suka juya baya, suna ƙanƙancewa har suka ɓace. Ita kaɗai ba ta juya ba. Ta ci gaba da tahowa har ƙafafunta suka taɓa daɓen zaure, sa'an nan ta tsaya.

Da waziri ya komo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ruwa ya isa, sun sha, sun gode. Sai dai wata mata, Tabawa, ta ɗauko tulunta babu kome ciki za ta kawo kuka fada. An tsinci gawarta a gindin wata giginya, ƙishirwa ta riga ruwan isa gare ta."

Sarki ya yi kuka a gaban fadawansa, bai ɓoye ba. Suka kawo farar ƙasa za su sake shafewa, ya hana. Tun daga ranar a wannan zaure yake shari'a, kuma in ƙarar ta mutumin nesa ce, sai ya miƙe tsaye ya fuskanci bangon kafin ya buɗe baki. Da Malam Barmo ya zo sallama, sarki ya ce masa, "Malam, ka koya mini zane, ita ta koya mini sarauta. Adalci shi ne ka auna na nesa da tsayin da zai yi in ya tsaya a gabanka, tun yana da ƙafar da zai zo."