Mesar da Ta Ci Sunan Uwar Bunsuru

An yi wani Bunsuru mai son a sani, da matarsa Akuya wadda ba ta da yawan magana, da ɗansu Auta.

Ran nan Bunsuru ya ji maƙwabcinsa Rago ya sayi aku. Bai ko ci abinci ba ya nufi kasuwa, ya dawo da 'yar mesa a cikin ƙwarya.

"Na sa mata sunan mahaifiyata," in ji shi. "Daga yau Inna za ku riƙa ce mata."

Akuya ta leƙa ƙwaryar, ta dubi Auta. "Allah ya raya Inna," ta ce. Ta juye ta a tsohuwar randa, ta rufe da faifai, ta aza dutsen niƙa.

Inna ta yi ta ci, ta yi ta tsawo, har ta kusa cika randar. Sai Bunsuru ya lura da dutsen.

"Ke! Uwata kika aza wa dutse a ka?"

"Maigida, mesa ce."

"Mesa a gidanku! A nan Inna ce. Sauke!"

Akuya ta sauke. Ran farko kaza ta ɓace. Da aka tambayi Inna, sai ta yi gyatsa ta ce, "Allah ya bayyana."

Daga nan Inna ta fara kiran Auta. "Zo nan, jikana, in ga ko ka yi ƙiba."

Akuya ta goya ɗanta, ko ruwa za ta ɗebo yana bayanta. Ta sake yi wa mijinta maganar dutse, ya ce ba a yi mata tarbiyya ba.

Ran Juma'a Bunsuru ya tara maƙwabta su ga abin da ya fi aku. Ya ɗauko Inna shi kaɗai, ya naɗa ta a wuya kamar rawani.

"Rago, akunka yana yin haka?"

Inna ta ɗan matsa.

"Ƙauna ce," in ji Bunsuru, muryarsa ta sirance.

Inna ta ƙara matsawa. Idanunsa suka firfito.

"Akuya! Ɗauko taɓarya!"

Akuya ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai. "Ni in ɗaga wa surukata hannu? Inna, barka da hutawa. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan," in ji Inna, ta ƙara zagaye ɗaya.

"Rago! Taimaka!"

"Tsakanin ɗa da uwa?" in ji Rago. "A'a, ba da ni ba."

Bunsuru ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa. "Ba uwata ba ce! Mesa ce! Wallahi mesa ce!"

"To, ai ka faɗa," in ji Akuya. Ta miƙe ta kama wutsiyar, maƙwabta suka taya ta warwarewa, aka mai da mesa cikin randa.

Sai dai mesar ta yi ƙarfin da dutsen niƙa ba ya danne ta. Aka duba gidan kaf, ba abin da ya kai maigida nauyi. Har yau Bunsuru yana zaune a kan faifan, can ake kai masa dusa. Auta kuwa ya sauka daga bayan uwarsa, yana ta tsalle a tsakar gida.

Darasin wannan labari shi ne, duk sunan da ka sa wa mesa, cikinta bai san shi ba. In za ka ajiye ta a gida, ka rufe ta da kyau, kada ka ɗauke ta kai kaɗai, kuma ka saurari mai cewa a mayar da dutse.