Bahon Mutum Takwas a Bakin Titi

Akwai wani mutum a layinmu, can gabashin Melbourne, sunansa Gavin Threlfall. Dillalin gidaje ne, yana da abin hannunsa, amma girman kai ya yi masa katutu. Irin mutanen nan ne da in ka gaishe su sai su dubi agogo.

Matarsa Raelene kuwa baiwar Allah ce, ba ruwanta. Ciwon gaɓɓai ya sa ta gaba, musamman in sanyin watan Yuni, lokacin hunturu a can, ya kankama. Da safe sai ta dafa bango kafin ta kai kicin. Likita ya ce ta riƙa zama cikin ruwan ɗumi kullum, shi ne ta roƙi mijin ya saya mata ƙaramin bahon nan na bayan gida, mai ɗumama ruwa da kansa yana tausa jiki.

Katangar katako ce ta raba gidansu da na wata tsohuwa 'yar Girka, Stavroula Manikis, wadda kowa ke kira Voula. Mijinta ya rasu ya bar mata bishiyar lemun tsami da ya dasa da hannunsa. Da rassan suka leƙo gidan Gavin, ko sallama bai yi mata ba, ya sa zarto ya datse kusan rabin bishiyar, ya watsa mata rassan a kan shukar tumatirinta. Tun daga ranar ba sa ga maciji.

Ranar sayen baho, suna shiga kanti Raelene ta nuna wani ɗan madaidaici.

"Wannan na mutum biyu ya ishe ni, Gav. Ga shi da maƙamar hannu, zan iya shiga ni kaɗai."

"Na mutum biyu? Ƙanena Craig na mutum shida gare shi. So kike ya zo ya yi mana dariya?"

"Ai ba Craig ne ƙafa ke hana barci ba."

Ko kallonta bai yi ba. Ya wuce can ƙarshen kanti, ya dafa wani ƙato mai cin mutum takwas, da fitilu masu canza launi da wurin ajiye kofuna.

"Zai wuce ta lungun gefen gidanmu kuwa?" in ji Raelene.

"Ni da nake sayar da gidaje za ki koya wa awo? Ki bar ni da abin da na sani."

Haka ya biya kuɗin ƙaton bahon, suka kama hanyar gida.

Ranar Asabar da hantsi motar kanti ta iso. Masu kawo kaya suka karkata bahon a kan gefensa, suka turo shi bakin lungu, ya ƙi shiga. Suka juya shi, ya ƙi. Abin ya fi lungun faɗi nesa ba kusa ba.

Direban ya share gumi ya ce, "Aboki, hanya biyu ce. Ko a cire katako kaɗan daga katangar nan mu bi ta harabar maƙwabciyarka, yanzu-yanzu mu gama. Ko kuma ka nemo motar ɗaga kaya ta tsallaka da shi ta saman rufi, ita kuma sai Litinin."

Voula tana tsaye a ƙofar gidanta cikin baƙar rigar sanyi, ta harɗe hannu, duk tana ji.

Raelene ta rage murya. "Don Allah Gav, ka je ka roƙe ta. Kalma ɗaya ce."

"In roƙi wa? Waccan?"

"Waccan tana da kunne," Voula ta ɗago murya. "Kuma tana da suna. Ka ce mini ka yi kuskure a kan bishiyar mijina, ni da kaina zan kawo guduma. Don matarka zan yi, ba don fuskarka ba."

"Ki riƙe gudumarki, tsohuwa. Da in taka gidanki gara in biya ninki goma."

"To biya mana, mai kuɗi. Kai da ko kwandon shararka ba ka iya shigarwa sai iska ta kawo mini shi ƙofa."

"Ki koma ciki ki ji da kuliyoyinki!"

"Kuliyoyina sun fi ka tarbiyya!"

Wallahi ranar na ji kunya a madadinsa. Ƙato da furfura a gemu, yana cacar baki da sa'ar uwarsa a gaban baƙi, matarsa na tsaye dafe da ƙugu saboda ciwo.

Gaban gidan Gavin matakala ne da gajeriyar katangar bulo, babu inda za a aje abu irin wannan. Sai masu kaya suka sauke shi a kan ciyawar bakin titi, suka kama gabansu.

To, makon nan ne hukumar gari ke kwashe manyan tarkace. Ƙofar kowane gida da tulinsa, tsofaffin katifu, karyayyun kujeru, injin wankin da ya mutu. Kuma ko yaro ya sani, abin da ka ajiye a kan ciyawar nan a irin wannan mako ka sallama shi ke nan. Masu a-kori-kura suna ta zagaye unguwa tun kafin motar hukuma ta zo.

Shi gogan naku bai ma tuna ba. Hankalinsa na kan Craig. Ya yage ledar da aka naɗe bahon da ita, ya shige ciki ya ɗauki hoto ya tura wa ƙanen, ya tara kwalaye da ledoji a gefe. Da ka hango wurin, tuli ne irin na kowa.

Raelene ta ce, "Ko rubutu ka manna a jiki, kar a ɗauka na zubarwa ne."

"Wa zai iya ɗaga wannan? Ke dai tafi."

'Yar'uwarta ta zo ta ɗauke ta zuwa wurin gashin ƙashi. Shi kuma ya shige ɗakin baya, ya kunna ƙwallo a talabijin, ya ƙure murya.

Da la'asar sai ga a-kori-kura jaye da ƙaramar tirela. Ƙarti huɗu suka diro suna zagaya bahon suna fito. Voula na ban ruwa a gaban gidanta, ta yar da tiyo ta taho.

"Kai samari, wannan ba shara ba ne. Yau aka kawo shi."

"Haba Mama, kowa haka yake cewa in yana so wa jikansa. Abin da ke kan ciyawa na mai rabo ne. In da mai shi, ya fito."

"Ku tsaya, ina zuwa."

Tsohuwar nan, da ciwon gwiwarta da komai, ta hau matakalar mutumin da ya gama zaginta ɗazu. Ta ƙwanƙwasa. Gavin ya buɗe, yana ganinta ya haɗe rai.

"Gavin, bahon nan..."

"Ya tare miki hanya ko? Na san za ki zo. Sauka daga matakalata!"

"Ka saurare ni, ɗan nan, akwai..."

"Na ce sauka, kafin in kira 'yan sanda!"

Ya buga ƙofa har gilashi ya girgiza. Ba ta haƙura ba, ta zagaya ta lungu ta bubbuga tagar ɗakin da yake. Ya ɗaga labule, ya gan ta tana nuna titi da hannu, ya saki labulen ya ƙara muryar talabijin.

Kafin ta lallaɓo ta dawo, sun cicciɓa sun ɗora sun ɗaure. Ta daka musu tsawa, suka ɗago mata hannu suna dariya. Lambar motar kuwa idonta bai kai ba.

Sai da aka tashi wasa Gavin ya fito miƙa. Ciyawa ce kawai a kwance, da shatin inda bahon ya zauna. Ya dinga ihu a titi yana cewa tsohuwa ce ta haɗa baki da ɓarayi. Mu da muka gani ta taga muka fito muka gaya masa gaskiya a fuskarsa, a daidai lokacin da aka sauke Raelene.

Ta saurari komai, ta wuce shi, ta shiga gidan Voula, ta daɗe a ciki. Da ta fito tana rungume da robar ruwan zafi, irin wadda ake cikawa daga buta a ɗora a gwiwa, tsohuwar ce ta ba ta.

Gavin ya tare ta a matakala, murya ta yi sanyi. "Rae, zan kai ƙara. Zan sayo wani, wanda ma ya fi..."

"Bar shi, Gav," ta ce. "Ni abin da zai rage mini ciwo na roƙa, ga shi na samu. Kuma ka gani, ya wuce ta ƙofa ba tare da an kira motar ɗaga kaya ba."

Ta dafa bango ta hau matakalar a hankali. Ya miƙa hannu zai riƙe ta, ta ce ya barshi, ta saba. Ba a sake ganin bahon ba, kuma haka ta ƙarasa sanyin shekarar da robar maƙwabciya a gwiwa.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai shi ne ke fara shan wahalarsa ba, na kusa da shi ne. Ka saya wa iyalinka abin da suke bukata, ba abin da zai ƙona ran ɗan'uwanka ba. Kuma duk tsamin da ke tsakaninka da maƙwabci, in ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ka bari ya ƙarasa maganarsa. Ku tura wa wanda kuka san shi da maƙwabcinsa ba sa gaisawa, ko Allah zai sa ya sauko.