Telan Da Kan Jadawali Ya Ɓace Masa

Akwai wani tela dattijo da ake kira Mai Almakashi. Na manta ko shekara talatin ya yi yana ɗinki ko arba'in, amma dai bayansa ya riga ya ranƙwafa a kan teburin yanka.

Wata masana'anta ta ba shi ɗinkin rigunan ma'aikata ɗari da ashirin. Yadin da suka kawo daidai buƙata ne, babu rara. Wannan aikin ne ke riƙe da shagon duk shekara, in ya kuɓuce masa sai dai ya rufe.

A da a takarda ake kawo masa awo. Bana sai suka turo shi a jadawalin kwamfuta: suna, wuya, kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo.

Da ya gangara ƙasa, sai layin sama mai ɗauke da waɗannan sunaye ya ɓace, lambobi kawai suka rage. Ya hau ya duba, ya sauko, ya manta, ya sake hawa. Haka ya wuni har idonsa ya yi ja.

Ƙanwarsa, autar gidansu, mai aikin buga takardu a ofis, ta biyo ta shagon da la'asar.

"Yaya, matsa kaɗan in gyara maka. Minti ɗaya ne."

"Auta, ni na goya ki fa. Yau ke za ki koya mini karanta awo?"

"Ba awo ba, kwamfuta."

"Je ki gida, yaranki na jira."

Ta ɗauki jakarta. "To, Allah ya ba da sa'a, babban injiniya."

Sai ya yi tasa dabarar. Ya yanko siririyar takarda, ya rubuta sunayen a jere, ya manna ta a saman gilashin kwamfutar. Kwana biyu abin ya tafi daidai.

Rana ta uku ido ya gaji, sai ya ƙara girman rubutun. Layukan suka faɗaɗa suka matsa gefe, takarda kuwa tana nan inda ya manna ta. Ƙirji da tsawo ya san su da ido, ba su ruɗa shi ba. Amma awon wuya ya koma ƙarƙashin kalmar kafaɗa, lambobin kuma kusa suke da juna. Riga goma sha huɗu ya yanka a haka.

Direban masana'antar ne ya fara zuwa gwaji, wani ƙato mai fara'a. Ya sa rigar, hannuwansa suka ƙi sauka.

"Baba, tawa ce wannan ko ta ɗana?"

Mai Almakashi bai yi dariya ba. Ya auna sauran ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya ɗauki waya.

"Auta, in kin tashi aiki, ki biyo."

Ta zo, ta ga rigunan. Ta ɓare takardar, ta shiga wurin da ake saita yadda shafi ke bayyana, ta zaɓi a kafe layin sama.

"Gangara yanzu, Yaya."

Ya gangara har mutum na ƙarshe. Sunayen suna nan a sama, ba su motsa ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya shafa fuska da hannu biyu. "Kwana uku," kawai ya ce.

Suka zauna tare suna neman masu ƙaramin jiki a jadawalin. Riga tara ya rage musu tsawo da faɗi suka sami masu su. Ko takwas ne? Tara dai nake tunawa. Biyar babu yadda za a yi da su.

Washegari ya ɗauke su da kansa ya kai wa manajan masana'antar, ya faɗi gaskiya. Ba a ƙwace aikin ba, an ƙara masa yadi ya kammala. Sai dai ɗinkin baɗi an raba shi biyu, rabi ya tafi wurin wani tela. Shagon bai rufe ba, amma keken ɗinki ɗaya cikin uku an lulluɓe shi.

Darasi: Girman shekaru ba ya raguwa don ka saurari na ƙasa da kai. Minti ɗaya na tambaya ya fi kwana uku na taurin kai sauƙi. Ku tura wa wanda kuka san yana fama shi kaɗai alhali mai taimako na kusa da shi.