Motar Da Aka Ba Lawwali Ajiya

An ce wai a wani babban birni na ƙasar Hausa akwai wata kasuwar motoci, inda ake jera motocin hannu 'yan Kwatano sahu-sahu a rana, dillalai kuma suna zaune a rumfuna suna jiran wanda Allah zai kawo. A kasuwar nan an yi wani mutum da ake kira Lawwali Kunne. Shi ba dillali ba ne, kuma ba shi da gareji. Sana'arsa ita ce duba mota ga mai son saye: a ɗauko shi, ya duba, ya gwada, ya ce saya ko ya ce bari, kuma abin da ya faɗa ya zauna. An laƙaba masa Kunne ne saboda in aka tayar da inji ya karkata kai ya saurara, sai ya gaya maka ciwon da motar za ta yi baɗi. Yana kuma da wata al'ada tasa, ba ya gwada mota da takalmi. Sai ya tuɓe silifas ya bar su a bakin rumfa, yana cewa fenti yana iya ruɗin ido, amma ba ya ɓoye wa tafin ƙafa rawar birki.

Shekara da shekaru yana wannan aiki, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Sai dai ga abin tausayi, ko kuwa abin dariya: mutumin da ya zaɓa wa rabin gari motocinsu, shi kansa wani tsohon babur yake hawa, wanda in an yi ruwa sai an tura yake tashi. Kullum ya shiga motar mutane, ya sha sanyinta, ya fito ya miƙa makulli, ya sa silifas ɗinsa ya koma rana. Bai taɓa nuna abin yana damunsa ba, kuma wataƙila da ba zai dame shi ba har abada, in da ba ƙanensa ne ya tashi sayen mota ba.

Ƙanen nan Zayyanu shi ne autansu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Lawwali ne ya riƙa kai shi makaranta a bayan keke. Da ya girma ya buɗe shagon maganin dabbobi, Allah ya sa masa albarka, har ya zama yana bin rugage da kasuwannin ƙauye. Ran nan ya zo ya gaida yayansa, ya ce ya ga wata ƙaramar jif ruwan toka a rumfar Alhaji Tukur, yana so Yaya ya duba masa. Ya ce irinta yake so, don ba ta kai manyan jif shan mai ba, ga cikinta a ɗage, ba za ta riƙa shafar ƙasa a hanyar ƙauye ba. Sannan ya ƙara maganar da ta ɓata komai, shi bai ma sani ba. Ya ce akwai suna a Kwarin Tsamiya, ƙauyen su Inna, sati mai zuwa, kuma in an saya shi da kansa zai kai ta, ta sa wa motar albarka.

A zuri'arsu haka ake yi. Duk ɗan da ya sayi mota, mahaifiya ce take fara shiga, ta dafa ta, ta yi addu'a, kuma labarin wane ɗa ne ya fara kai uwarsa gida a motarsa ba ya tsufa a bakin dangi. Lawwali ya yi murmushi ya ce madalla, amma a baki ne kawai. Shi ne babba. Shi ya san mota ciki da bai. Yaron da ya share wa majina shi ne zai tsaya a ƙofar gidan kakanninsu ya buɗe wa Inna ƙofa, shi kuwa ya biyo bayansu a babur cikin taɓo. Hassada ce ta kama shi, ba wani abu ba, kuma ita hassadar ɗan'uwa ta fi ta bare zafi, don ba ka da wanda za ka kai wa kukanta.

Washegari suka je rumfar Alhaji Tukur. Lawwali ya tuɓe silifas. Ya bi jikin motar da maganaɗisu don ya ji ko an cike wani wuri bayan haɗari, bai samu ba. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin kujeru yana neman tsatsa, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ko zai ga shaidar ruwa, duk fes. Ya buɗe but ya ga za ta ɗauki kwalayen magani har da buhu. Ya tayar da inji ya karkata kai, inji yana ta aikinsa a natse. Da ya hau titi giya tana shiga ba gardama, da ya bar kwalta ya bi ramuka ƙafafunta ba su yi ko ƙara ba. Iyakar aibin da ya gani shi ne kujerar baya ta yi wa dogon mutum kaɗan, kuma in an cika ta da kaya tana ɗan nauyi a hawa. Da motar tana da mugun ciwo da ya ji sanyi a ransa. Kyawunta shi ya ƙara masa ciwo.

Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo ya kai ta inuwar wata darbejiya ya tsayar, ya cire hularsa ya goge sitiyari, ya rufe ƙofa a hankali. Sannan ya dubi ƙanensa a gaban mutane ya ce ya bari. Ya ce ambaliya ta taɓa cinye motar a ƙasar da aka sayo ta, an dai wanke an busar, amma ruwa ya shiga wayoyinta, wata rana ana tsakiyar gudu birki zai ƙi, ta kashe na ciki.

Kasuwa ta ɗauka. A ƙa'idar kasuwar nan, dillalin da ya ɓoye aibin ruwa ana karɓe rumfarsa a kore shi, don wannan ba ha'inci kaɗai ba ne, wasa ne da rayukan mutane. Alhaji Tukur ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, ya ce a rumfar nan ya yi furfura, da ita yake ciyar da gidansa. Amma wa zai ɗauki rantsuwar mai kaya ya bar maganar Kunne? Aka ɗunguma zuwa wurin Sarkin Dillalai.

Sarkin Dillalai wani dattijo ne, Alhaji Mamuda, mai yawan kallo da ƙarancin magana. Ya saurari kowa, har da Zayyanu, wanda ya faɗi yadda ya so ya kai Inna suna, yana gode wa Allah da ya ba shi yaya mai tsare shi. Al'amarin ya zama wa Sarki gaba kura baya sayaki. In ya ɗauki maganar Lawwali, mai yiwuwa ya kori marar laifi. In ya kira wani bakanike, babu wanda zai yarda ya ƙaryata Kunne, kuma ko ya ƙaryata ba mai gaskata shi. Amma Sarki yana zaune a rumfarsa lokacin da aka dawo da motar, ya kuma ga abin da ya gani. Ya san Lawwali tun yana saurayi: motar da ya raina, a rana yake barin ta, ƙofa a buɗe, ko waiwaye ba ya yi.

Sai ya ce: "Wannan magana ta fi ƙarfin zama ɗaya, sai dattawan kasuwa sun haɗu bayan sati. Kafin nan motar ba za ta kwana wurin Alhaji Tukur ba, kada a ce ya gyara. Ba za ta je wurin Zayyanu ba, don bai saya ba. Lawwali, kai ne amintaccen kasuwar nan, kai za ka ajiye ta. Ga makulli."

Alhaji Tukur ya matso ya ce a hankali, ranka ya daɗe, ai an ba kura ajiyar nama. Sarki ya ce masa ya je gida ya yi haƙuri, wanda ya goge sitiyari da hularsa ba zai cuci mota ba.

Mota ta kwana a ƙofar gidan Lawwali. Da safe maƙwabta suka fito suna zagaya ta, suna cewa Allah ya sa a kashe lafiya, ai dama ya daɗe da cancanta. Bai ce tasa ce ba, bai kuma ce ba tasa ba ce, amin kawai yake cewa. Kullum ya wanke ta, ya tayar wai yana ɗumama inji, ya zauna a ciki ya rufe ƙofa. Da ranar suna ta zo, Zayyanu ya tafi wata ruga kan shanu marasa lafiya, ya bar wa Inna kuɗin motar haya. Lawwali ya ga dama ta samu. Ya sa babbar riga, ya je ya ce wa Inna ta fito ga mota. Tsohuwa ta dafa ta, ta yi doguwar addu'a, ta shiga gaba. Aka cika baya da jikokinta, 'ya'yan Lawwali, da goro da turmin atamfa.

Damina ce, hanyar Kwarin Tsamiya kuwa duk jan taɓo. Suka wuce wata doguwar mota ta kafe, mutane suna turawa. Suka zo rafi, ƙaramar jif ta ratsa ta haye kamar ba komai. Lawwali yana tuƙi yana jin daɗin da bai taɓa ji ba. Da suka isa ya fito da sauri ya buɗe wa Inna ƙofa, dangi suka kewaye su ana guɗa. Wata gwaggonsu ta tambaya ko motar Lawwali ce. Inna kuwa Zayyanu ya riga ya gaya mata kalar motar tun ran da ya fara ganinta, kuma ba wanda ya ba ta labarin rigimar kasuwa. Sai ta ce da fara'arta: "A'a, ta Auta ce. Aiki ya riƙe shi, shi ne ya ba yayansa ya kawo ni, kun san ya fi shi iya tuƙi."

Aka shiga sa wa Zayyanu albarka, wanda ko wurin ba ya nan. Lawwali kuwa aka ce masa sannu da hanya, aka kawo masa ruwa kamar yadda ake kawo wa direba. Ya ci tuwon suna bai ji ɗanɗanonsa ba.

Da ranar zama ta zo, ya wanke motar tas ya kawo ta kasuwa. Sarki ya tashi da sandarsa ya zagaya ta, ya sunkuya ya ɓanɓaro busasshen jan taɓo daga saman taya, irin wanda babu shi a birni. Ya sa aka buɗe but, warin daddawar tsaraba ya bugi kowa. Ya tambayi Lawwali inda ya je, ya faɗa, don ƙauye guda sun gan shi. Ya tambaye shi wa ya ɗauka. Lawwali ya ce Inna ce da yara.

Sarki ya koma ya zauna, ya ce: "Lawwali, ni ban san inji ba kamar yadda ka san shi, ba zan yi gardamar wayoyi da kai ba. Abu biyu ne a gabanka, ka zaɓi ɗaya, kasuwa ta shaida. In motar nan kamar yadda ka faɗa take, to ka ɗauki mahaifiyarka da 'ya'yanka da saninka ka sa su a bakin mutuwa, ka ratsa da su rafi, don kawai a gan ka. In kuwa lafiyarta ƙalau, to ka yi wa kayan Musulmi ƙazafi, ka nemi raba dattijo da abincinsa. Wanne ne kai a ciki?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma Lawwali ya ga ƙarshen nasa. Zai iya rayuwa a kira shi maƙaryaci, amma ba zai iya rayuwa a ce ya sayar da ran uwarsa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau. Ban taɓa tuƙa ƙaramar jif mai lafiyarta ba."

Alhaji Tukur ya zauna a ƙasa yana hamdala, hawaye yana bin gemunsa. Sarki ya bar masa rumfarsa. Ya sa Lawwali ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya faɗi gaskiyar motar da ƙarfi, alherinta da ɗan aibinta, kamar yadda ya faɗi ƙaryar da ƙarfi. Ya kuma yanke cewa daga ranar maganar Kunne ba ta ƙara zama ita kaɗai, sai an haɗa da ta wani. Wannan ya fi masa bulala ciwo, don abin da ya mallaka ke nan a duniya.

Zayyanu ya sayi motar a ranar. Da aka miƙa masa makulli bai yi murna ba. Ya matsa kusa da yayansa, ya yi ƙasa da murya don kada kowa ya ji, ya ce: "Yaya, da ka ce mini kana so kai ka fara kai Inna, wallahi da na ba ka makullin, ni in zauna a baya."

Lawwali ya juya. Ya je wurin babur ɗinsa, an yi yayyafi da safe, ya buga ya buga ya ƙi tashi. Ya kama shi ya fita da shi daga kasuwa yana turawa.

Shi ya sa dattawan kasuwar suke gaya wa masu tasowa cewa in za ka sayi abu, kada ka tsaya ga abin da mai dubawa ya faɗa da baki, duba ko zai yarda ya ɗora uwarsa a kai. Kuma gaskiya ne hassada ga mai rabo taki ce: mai yin ta yakan wahala ya yi dakon albarka a kansa, ya kai ta har ƙofar wanda yake yi wa.